Yadda Ake Kula da Ɗan Tafkin Kifi na Cikin Gida, Daga Bazara Har Hunturu

Ɗan tafkin da ake yi a bayan ɗaki ko a kusurwar lambun gida, na siminti ne ko na tamfol, ruwansa kaɗan ne, don haka duk abin da gari ya wayi da shi nan take yake ji a jikinsa. Kududdufin bayan gari yana da faɗi da zurfin da zai shanye zafin rana da ruwan sama bai canja sosai ba. Naka kuwa, rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta gasa shi, ruwan dare ɗaya na Agusta ya isa ya sa shi tumbatsa. Shi ya sa kulawar da ta wadatar da kaka ba ta wadatarwa da bazara, kuma yawancin aikin kowane lokaci tun kafin ya shigo ake yin sa.

Bayanin da ke tafe ya shafi yanayin ƙasar Hausa ne, daga Zariya da Kano zuwa Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Kifayen da na sa a gaba su ne tarwaɗa da karfasa, don su aka fi samun 'ya'yansu wurin masu ƙyanƙyasa. Mai kifin ado ma zai iya bin waɗannan matakai, sai dai ya riƙa lissafa kifinsa a layin karfasa wajen rashin juriya.

Abin da ya kamata ka sani tun farko

Fara da sanin yawan ruwanka. Auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da mita, ka ninka su, abin da ya fito ka sake ninka shi da 1,000. Tafki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, zurfin ruwa mita 1, lita 3,000 ke nan, wato jarka 120 mai cin lita 25. Idan nan gaba na ce ka canja kashi ɗaya cikin biyar na ruwan, lita 600 nake nufi, jarka 24. Wanda ke sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa gara ya yi wannan lissafin kafin ya zuba kifi, don a bazara ne kuɗin jarka ke tashi, kuma a lokacin ne tafki ya fi shan ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa: ma'aunin zafi da ake tsomawa a ruwa, ragar kwasa ta hannu, tiyo, takardar gwajin pH (awon tsamin ruwa ne, lambarsa tana sauka idan tsami ya ƙaru), ragar rufe saman tafki, da bokiti biyu da ba a taɓa zuba musu sabulu ko maganin feshi ba. A keɓe bokitan nan, a gaya wa masu wanke-wanke kada su taɓa su. In akwai ƙananan yara a gidan, ragar igiya ba ta isa ba. A sa mai walda ya yi murfin ƙarfe mai kwaɗo, ko a kewaye wurin da katanga mai ƙofa. Ruwan da bai kai gwiwar babba ba yana iya halaka yaro mai rarrafe, kuma ba a jin motsinsa.

Sai halin kifin. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure ruwan da wani kifin zai mutu a ciki. Karfasa ba ta da wannan, iskar da ta narke a ruwa kaɗai ta dogara da ita. Dukansu sun fi walwala da ci idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30, kuma da zarar ya gangaro kusa da 20 sai ci ya ja baya. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwan shi ne zafinsa, saboda haka ma'aunin zafi ne zai riƙa gaya maka yawan abincin da za ka zuba.

Kada ka kwaikwayi masu kiwon kasuwa wajen cusa kifi. Su kullum cikin canja ruwa suke. A tafki mai lita 3,000 na cikin gida, a ganina tarwaɗa 50 zuwa 60 sun isa, karfasa kuwa kada su wuce 30. Rabin wahalar bazara daga cunkoso take tasowa.

Bazara: Maris zuwa Mayu

Nan ne aikin yake. Zafin rana a Kano da Sakkwato yakan kai digiri 40 har ya ɗara, kuma abubuwa da dama suke haɗuwa wa tafki lokaci guda. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya a digiri 20 tana iya riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Alhali a wannan zafin ne kifi ya fi ci, ya fi kashi, ya fi bukatar iska. Amoniya kuma, wato sinadarin ƙazantar da ke fita daga jikinsa da ragowar abinci, dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya ɗumama. Ga ruwan yana ƙafewa, ga rijiyoyi sun ja ƙasa.

Matakin farko inuwa ce, kuma a ƙarshen Fabrairu ya kamata a kafa ta. Yi rumfa da zana ko ragar inuwa ta rufe rabin tafkin zuwa kashi biyu cikin uku, ka fi ba ɓangaren yamma ƙarfi, don ranar da ke dukan ruwa daga azahar zuwa la'asar ita ce mai ɓarna. Ɗaga rumfar sama yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashi. Kwanon rufi da aka ɗora dab da ruwa zafi yake ƙara masa. Tafkin tamfol da ke tsaye a kan ƙasa ta gefe ma yake ɗaukar zafi, sai a kewaye jikinsa da zana ko tsofaffin buhunan algarara.

Tsirran ruwa suna taimakawa. Bado yana da kyan gani kuma faffaɗan ganyensa yana ba kifi mafaka, a dasa shi a tukunya a nutsar. Kainuwa, dashen Allah, ba ta bukatar tukunya, kuma saiwarta tana tsotse wani ɓangare na ƙazantar ruwa. Matsalarta yaɗo. In ka ƙyale ta za ta rufe saman ruwan ruf, ta hana iska shiga. Lanƙwasa tiyo ka haɗa bakinsa biyu ya zama zobe mai yawo a kan ruwa, ka tsare ta a ciki, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman tafkin. Abin da ya ƙaru a kwashe duk mako a kai juji ya zama taki, ban da zubawa a rafi ko magudana. Kachala kuwa kada ma ka kawo ta gida, mutanen Haɗejiya da Nguru sun san yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Mataki na biyu, kada ka bar ruwa ya yi ƙasa. Ruwa mai zurfi ya fi jinkirin ɗaukar zafi, kuma kifi na samun wuri mai sanyi a ƙasa da tsakar rana. Yi alama a bango, ka riƙa cikawa da sassafe ko da yamma. Ka fara tara hannu ka ji ruwan tukuna, don wanda ya wuni a baƙin tankin kan rufi yana iya fitowa da zafin da zai gigita kifi. Ruwan rijiyar burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, sai ka sa ya zubo daga sama yana fantsama, ko ta cikin bokitin da aka huda gindinsa da ƙusa aka rataye. Ruwan famfo na gwamnati yakan zo da kulorin, sinadarin tsabtace ruwan sha mai cutar da kifi, a tara shi a buɗaɗɗen duro ya kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba.

Idan ka ga ruwa na raguwa da sauri kana kokwanton ko yoyo ne, ga gwaji mai sauƙi. Cika bokiti da ruwan tafkin, ka ɗora shi a kan bulo a cikin tafkin yadda bakinsa zai fito sama. Yi alama a inda ruwa ya tsaya a cikin bokitin, ka yi wata a bangon tafki. Bayan kwana biyu ka duba. In sun sauka daidai da juna, rana ce da iska suka sha. In na bango ya fi sauka, akwai tsaga ko huda a wani wuri.

Mataki na uku, sauya lokacin abinci. Ba su da safe kafin rana ta yi zafi, sannan da yamma bayan la'asar sakaliya. Da tsakar rana kada a ba su komai. Zuba kaɗan-kaɗan kana kallo, abin da za su cinye cikin minti goma zuwa goma sha biyar, da sun fara sanyin jiki wajen cafka ka tsaya. Wanda ya rage yana yawo ka kwashe da raga. Ragowar tuwo da shinkafa da kayan cikin kaji da wasu ke watsa wa tarwaɗa, a babban kududdufi ƙila a sha da shi, amma a ɗan tafki a watan Afrilu kwana ɗaya ya isa ruwa ya yi ɗoyi.

Mataki na huɗu, canjin ruwa. Duk bayan kwana biyu ko uku ka fitar da kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku, gwargwadon yawan kifin da girmansu. Daga ƙasa ake janye ruwa, inda kashi da ruɓaɓɓen abinci suke kwanciya. In tafkin ba shi da bututun fitarwa a gindi, nutsar da tiyo gaba ɗaya har ya cika, ka toshe baki ɗaya da babban yatsa, ka fito da shi waje ka saukar ƙasa da matakin ruwan sannan ka saki. Ɗaya bakin kuma ka riƙa bin kusurwoyi da shi. Babu bukatar zuƙa da baki. Wannan ruwan kada ya tafi kwata, zogale da ayaba da alayyaho suna son sa ƙwarai.

Koren ruwa ba laifi ba ne in bai yi yawa ba, karfasa ma tana cin ƙananan tsirran da ke sa shi kore. Tsoma hannu har gwiwar hannu ka buɗe tafi. In kana hango tafin dishi-dishi, lafiya lau. In ya ɓace tun hannun bai kai rabin haka ba, ruwan ya yi kauri, a canja a kuma rage abinci.

Mataki na biyar shi ne wanda aka fi sakaci da shi: duban asuba. Waɗannan tsirran da ke ba ruwa iska da rana, da dare su ma shaƙa suke yi, don haka iskar tafki ta fi ƙaranci dab da fitowar alfijir. Da ka idar da sallah ka ɗauki tocila ka leƙa. Karfasa masu lafiya za ka ga sun watse sun nutse da haske ya taɓa su. In ka tarar sun taru a sama, bakuna a buɗe suna tsotsar fatar ruwa, ko sun yi cincirindo inda ruwa ke zubowa, iska ta ƙare. Ita tarwaɗa tasowa ta kurɓi iska ta koma al'adarta ce. Abin tsoro shi ne ka gan su tsaye cak a miƙe, kai sama, wutsiya ƙasa, gashin baki a waje, ka taɓa ruwa ba su gudu ba. Nan take ka janye kashi ɗaya cikin uku ko rabin ruwan, ka zuba sabo yana fantsama, ka riƙa ɗiba da bokiti kana kwararowa daga sama. Ranar nan ba abinci. Wanda ke da hali ya sayi ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir ko sola ya riƙa kunnawa da dare, don wutar NEPA ba abin jingina ran kifi a kanta ba ne. Mahaɗar waya kuwa a ɗaga ta nesa da ruwa, a rufe.

Damina: Yuni zuwa Satumba

Shirin damina a watan Mayu ake yin sa, tun hadari yana haɗuwa yana watsewa. Abu uku za ka duba. Bakin tafki ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi, kada ruwan tsakar gida ko na lambu ya gangaro ciki ɗauke da takin zamani da maganin ciyawa da kumfar wanki. Akwai bututun rarar ruwa kusa da sama, an ɗaure bakinsa da raga don kada ƙananan kifi su bi. Sannan babu indararon da ke zuba kai tsaye a tafkin. Ruwan farko wankin rufi yake yi, ƙurar wata bakwai da kashin tsuntsaye da tsatsa duk yana kwasowa. Sai an yi manyan ruwa biyu ko uku rufi ya wanku sannan za ka iya tarar ruwan indararo a duro don amfanin tafki.

Mai tarwaɗa ya ƙara da wannan: daren da ake ruwa tarwaɗa fita take yi. Tana jin ruwa na kwararowa sai ta bi shi, ta dogara da ƙayoyin gefenta tana jan ciki a ƙasa, da safe a tsince ta a bakin kwata ko a bakin kyanwa. Bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin ruwa da bakin bango, ka ja raga ta rufe ko'ina, ka danne gefenta da bulo. Ƙaramar kafa a kusurwa ta ishe ta.

Idan ana ruwa ko an ɗauke yanzu-yanzu, dakata da abinci na 'yan sa'o'i. Ruwan sama mai yawa yana sanyaya tafki farat ɗaya, kifi kuma ba ya ci a wannan hali. Haka nan a watan Agusta, in aka jera kwanaki gari a lumshe ba rana, tsirran ruwa ba sa samar da iska sosai, sai ka rage abinci ka koma duban asuba kamar na bazara.

Bayan babban ruwa ka gwada pH. Tsakanin 6.5 da 8.5 babu damuwa. Ruwan sama yana da ɗan tsami, kuma tafkin tamfol ya fi saurin sauka, don na siminti bangonsa yana rage tsamin. In ka ga yana yin ƙasa da 6.5, nemi dakakken ɓawon kawa (oyster shell) ko farin dutsen da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa, ka wanke, ka ƙulla a ɗan buhu ka rataya a cikin ruwan. A hankali yake narkewa, ba ya girgiza kifi.

Damina tana zuwa da baƙi. Kwaɗi za su zo su yi ƙwai, macizai su biyo kwaɗi, guza ma in gidan yana bakin gari ko kusa da fadama, zalɓe kuma ta sama. Nome ciyawar da ke kewaye da tafkin, kwashe tarin itace da bulo da ke kusa, ƙwan kwaɗi kuma da ka gan shi kamar zaren majina a gefen ruwa ka kwashe.

Maganar sauro tana tayar da hankalin maƙwabta, kuma suna da gaskiya su tambaya. Tafkin da ke da kifi ba ya tara sauro sosai, don kifi na cinye tsutsarsa, musamman ƙananan karfasa. Inda sauro ke haihuwa shi ne bokitin da aka manta a gefe, tsohuwar taya, duron da ba a rufe ba, da ɗan kwarin da ruwan da kake fitarwa ke kwanciya. Su za ka bi ka kifar ko ka cike. Kada a zuba kananzir ko baƙin mai a tafki. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari kusa da shi, in kuma dole ne a yi feshi a gidan, a rufe tafkin da leda har iska ta ɗauke. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibiti, maganin da ke jikinsa dafi ne mai ƙarfi ga kifi. Kada a rufe tafki da shi, kada a kamo kifi da shi, kada a wanke shi inda ruwan zai gangara ciki.

Abincin kifi yana saurin yin fumfuna da damina. Ɗora buhun a kan katako nesa da bango, ka ɗaure bakinsa, ka riƙa sayen wanda zai ƙare cikin wata guda. Wanda ya dunƙule ko ya canja wari a zubar, kada a ba kaji ma.

Farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa a zuba sababbin 'ya'yan kifi, ruwa da ɗumi kuma ga shi a wadace. Ka ɗauko su da sassafe. Da ka iso kada ka juye su kai tsaye: sa jarkar ko ledar ta yi yawo a kan tafki kamar minti ashirin, kana ɗan zuba mata ruwan tafkin, sannan ka karkata ta su fita da kansu. Sai washegari za ka fara ba su abinci. 'Ya'yan tarwaɗa suna cin junansu, don haka duk mako biyu ko uku ka ware waɗanda suka yi wa sauran fintinkau. Karfasa kuwa haihuwa take yi ba ƙaƙƙautawa, in ba ka rage 'ya'yan tafki zai cika da ƙanana da ba sa girma. In tafkin sabon gini ne, siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona fatar kifi. Cika shi da ruwa ya yi kwanaki, a zubar, a wanke, a sake, har tsawon mako biyu ko uku, kuma kada a sa kifi sai takardar gwaji ta nuna pH ya sauko ƙasa da 8.5 ya zauna.

Kaka: Oktoba da Nuwamba

Lokacin hutu ne ga tafki, kuma shi ya fi dacewa da babban wanki na shekara: ruwa da sauran ɗumi, rijiyoyi a cike. Hana kifi abinci kwana ɗaya. Da sassafe ka ɗebi ruwan saman tafkin ka cika duro ko manyan bahuna a inuwa, ka kwashe kifin ka zuba ciki ka rufe da raga. Yi hattara da ƙayar tarwaɗa, sukarta akwai raɗaɗi. Janye sauran ruwan, kwashe laka ka kai gindin bishiya, goge bango da buroshi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da sinadarin wanke banɗaki. Kuma ba sai bango ya yi fari tas ba, ɗan santsin da ke jikinsa yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu narkar da amoniya. Toshe tsagar da ka gani. In gyaran na siminti ne mai yawa, sai an jiƙa an zubar kamar sabon gini, don haka ka tanadi inda kifin za su zauna. Cika da sabon ruwa, ka haɗa da tsohon da ka ajiye, sannan ka mai da su.

A nan ne kuma za ka rage manyan da suka isa ci, ka sassabe rassan da suka rufo kan tafki, ka sayi farar leda mai kauri ka ajiye.

Hunturu: Disamba zuwa Fabrairu

Da dare sanyin Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, a Jos ya fi haka sauka, kuma ɗan tafki yana bin sa a baya. Kifi sai su lafe a ƙasa, su rage ci, jikinsu ya yi rauni wajen yaƙar cuta. Mai tafki da bai gane ba sai ya ci gaba da zuba abinci kamar da, abincin ya nutse ya ruɓe, ya haɗa wa kifin sanyi da ƙazamin ruwa.

Kwance rumfar bazara rana ta samu ruwan, ka rage kainuwa sosai. Zanar da ka sauke ka kafa ta a tsaye ta ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, don iskar nan busasshiya ita ta fi kwashe ɗumin ruwa. Da yamma kafin magariba ka shimfiɗa farar ledar a kan sanduna a saman tafkin, kada ta taɓa ruwa, ka bar kafa a gefe biyu don iska, musamman saboda tarwaɗa da ke tasowa numfashi. Da hantsi ka yaye.

Abinci ya koma sau ɗaya a rana, tsakanin azahar da la'asar lokacin da ruwa ya fi ɗumi, kuma kusan rabin na da. Jefa 'yan ƙwayoyi ka gani. In ba su taso ba, ka mai da sauran cikin buhu. Babban kifi zai yi kwana biyu ko uku bai ci ba babu abin da zai same shi.

Canjin ruwa ya ragu, amma kada a daina, kuma a riƙa yin kaɗan-kaɗan. Ga wata dabara ga mai rijiyar burtsatse: ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa yanzu-yanzu da ɗuminsa yake fitowa ko da hunturu, don haka zuba shi kai tsaye da safe yana ɗaga zafin tafki. Wanda ya kwana a tanki a waje kuwa ƙanƙara ne, a bari sai rana ta daki tankin. Ƙurar da ke kwanciya a saman ruwa ana kawar da ita ta hanyar ƙara ruwa har na sama ya malala ta bututun rara. Ganyen darbejiya da furen mangwaro da iska ke kaɗowa a kwashe kullum kafin su nutse.

Kada ka kama kifi ko ka ware su cikin sanyi sai dole, don ƙaramin ƙujewa a fata ke zama gyambo. In ka ga farin abu kamar auduga a jikin kifi, ko jan miki, ko gashin bakin tarwaɗa yana gutsurewa, fara da canja kashi ɗaya cikin uku na ruwa, ka ware masu ciwon a baho. Sannan ka sa gishiri, kilo 1 a kowace lita 1,000, wato kilo 3 a tafkin da muka yi misali da shi. Narka shi a bokiti tukuna, ka bi gefe-gefe kana zubawa. Fitar da kainuwa da bado kafin nan, ba sa shiri da gishiri. Ka tuna gishiri ba ya ƙafewa tare da ruwa: in cika tafki kawai ka yi, kada ka ƙara, in kuwa ka janye lita 600 ka zuba sabo, na lita 600 kaɗai za ka mayar. Ruwan mai gishiri kuma kada a riƙa kai shi gindin shuka.

Kifin da ya mutu a cire shi nan da nan a binne. Kafso da sauran magungunan mutane da wasu ke fasawa a tafki ban goyi bayansu ba: ba a san cutar da ake yi wa magani ba, suna kashe ƙwayoyin da ke tsabtace ruwa, kuma kifin nan a tukunyar gidan zai ƙare. In mutuwa ta ci gaba bayan an gyara ruwa, ɗauki mai ciwo guda da ransa da kwalbar ruwan tafkin ka kai wa jami'in kiwon kifi na ma'aikatar gona ko likitan dabbobi. Sayen sababbin 'ya'yan kifi ma a jinkirta, don da hunturu ƙyanƙyasa tana wuya, ga tsada, ga yawan mutuwa a hanya.

Wajen tsakiyar Fabrairu ka riƙa tsoma ma'aunin zafi kowace safiya. In ya jera kwanaki yana nuna digiri 24 ko sama da haka, daina rufa leda, ka wanke ta ka naɗe. Ƙara abinci sannu a hankali cikin mako guda ko biyu har ya koma safe da yamma, ka sauke zanar da ke tare iska ka mai da ita kan rumfa kafin Maris ya kama.